Folke, Mai Mayar da Jita Asalinta

Duk wanda ya tare ni a unguwarmu ta Majorna ya ce ƙanena Folke mutumin kirki ne, ba na yi masa musu. Bai taɓa cutar kowa a ciniki ba, bai iya ƙarya ba, ko tattabarar da ta ɓata masa ƙofar shago ba ya iya kora. Amma ni Gunvor, da na raine shi na share masa majina, na san irin ɓarnar da mai kirki yake yi idan ya tabbatar wa kansa shi ne mai gaskiya. Mugu ko ba komai ya san ya yi laifi. Folke kuwa sai ya gama yanka ka, ya tsaya yana jiran ka yi masa godiya.

Sana'arsa saye da sayar da tsofaffin jita, irin na katako zalla da ba su san lantarki ba. Ya fara tun yana saurayi, ranar da ya ɗauki keken babanmu ya ba wani ma'aikacin jirgin ruwa, ya dawo gida da jita mai tsagaggen ciki yana washe baki. Baba ya ƙare wannan hunturun yana zuwa aikin dako a tashar jiragen ruwa da ƙafa, yana tafe yana zagi cikin dusar ƙanƙara. Folke ya gyara jitar ya sayar, ya sayo wa Baba keken da ya fi na da. Baba ya hau keken, amma bai fasa zagin ba.

Abin takaici, har yau Folke bai iya kaɗa jita ba. Akwai wani ɗan guntun kiɗa da duk dillalan jita suke yi don su ji lafiyar kaya, nan karatunsa ya tsaya. Abin da ya iya shi ne dubawa. Da safe yana shan kofi yana bin shafin mamata a jarida, don ya san a garin nan idan tsoho ya tafi, ’ya’yansa sukan tarar da akwati a ƙarƙashin gado su rasa yadda za su yi da shi. Idan aka kira shi, kafin ya yi ta'aziyya sai ya tambaya, "An taɓa ta?" Sannan ya cusa hancinsa a ramin jitar ya shinshina, ya zura ɗan madubi irin na likitan haƙori da ’yar tocila, ya daɗe yana leƙe kamar wanda kuɗinsa ya faɗa rijiya. In ya tarar komai yana nan yadda aka ƙera shi, ba a sake fenti ba, ba a canja ko ƙusa ba, sai ya ɗago da ƙwalla a ido ya ce, "Asali ce." Kuma zan faɗi gaskiyarsa: bai taɓa ce wa matar mamaci kayanta tarkace ne don ya saya da arha ba. Yakan gaya mata abin da take riƙe da shi, ko da hakan zai sa ta kai wa wani.

Sau ɗaya ya kusa aure. Solveig sunanta, ma'aikaciyar gidan waya, mace mai haƙuri. Ta yi hunturu guda a gidansa tana kwana da rigar sanyi, don ya hana a ƙara ɗumin ɗaki, wai busasshen zafi yana tsaga katako. Ta jure kwanonin ruwa da ya jera ko'ina don iska ta yi laima. Wata Asabar tana share-share, ta ga ƙura a jikin wata jita, ta goge ta da man goge tebur. Folke bai yi mata faɗa ba, zama ya yi a ƙasa yana kuka. Ta zo wurina da jakarta a hannu ta ce, "Gunvor, ranar da uwata ta mutu bai yi rabin wannan kukan ba." Ban ba ta haƙuri ba, na dai taya ta ɗaukar jaka zuwa tashar tarago, wato ɗan jirgin ƙasan da ke yawo cikin gari.

A ƙuryar shagonsa akwai kabad ɗin gilas, ciki akwai jitar da yake kira Gimbiya. Wani manomi ne ya sayo ta a Amurka tun kafin yaƙin duniya, ya dawo ya tura ta ƙarƙashin gado, ya mutu bai koya ba. Ko farce bai taɓa hawa fuskarta ba. Masu kuɗi sun zo daga Stockholm, sun zo daga Jamus, Folke ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ba ya ma bari a kaɗa ta. Ni a wurina jitar da ba ta taɓa yin kiɗa ba kujera ce da ba a iya zama a kai, na kuma sha gaya masa.

To sai mijina, Sixten.

Sixten mai walda ne a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke tsallaken kogi, ni kuma ina tuƙa taragon cikin gari. Tun kafin mu yi aure yake da jitarsa, ita ma ’yar Amurka, da ya saya a hannun wani mai dafa abinci na jirgin kaya. Da ita ya yi zawarcina, don bakinsa bai iya magana ba. Muna da ’yan shekaru da aure wani faifan ƙarfe ya suɓuce daga ƙugiya ya sauka a hannunsa na hagu. Babban yatsa da ɗan ƙaramin ne kawai suka tsira. Hannun hagu kuwa shi ke danna tsirkiya a wuyan jita. Ya dawo daga asibiti ya rufe akwatin, ya rufe bakinsa. Shekara guda ina zaune da mutumin da yake cin abinci yana kallon bango, har na fara tsoron barinsa shi kaɗai kusa da kogi.

Abokin aikinsa Valter, kafintan jirage, shi ya zo wata Lahadi ya ɗauki akwatin bai ce wa kowa komai ba. Ya ɓamɓare jakin jitar, wato ɗan katakon nan da ke manne a fuskarta wanda tsirkiyoyi suke ɗaure a kai. Ya sassaƙa wani da ragowar katakon daɓen jirgi, ya karkata shi ta ɗaya ɓangaren, ya sake ɗan ƙashin da ke saman wuya, ya juya tsirkiyoyin duka. Ya dawo ya ɗora wa Sixten ita a cinya a juye ya ce, "Dama ta danna, hagu ta buga. Babban yatsa ɗaya ya ishe ka, raggo." Jakin ba shi da kyau, baƙi ne, gefensa ɗaya ya fi ɗaya kauri. Sixten ya koma ɗan koyo yana da ’ya’ya biyu. Na sha kiɗan da ya fi kukan ƙofa muni, ban taɓa cewa ya isa ba, don na san abin da wannan mummunan katakon ya dawo mini da shi. Daga baya hannu ya faɗa. Bayan an rufe ma'aikatar ma, duk taron tsofaffin ma'aikata ba ya tashi sai Sixten ya kaɗa.

Folke kuwa duk ranar da ya zo gidanmu ya ga jitar nan, sai fuskarsa ta koma ta mai ciwon haƙori.

"Mahauci," in ji shi, "ka san abin da kake riƙe da shi kuwa? Irinta a ƙasar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

"Da yatsun wa?" in ji Sixten. "In nawa ne, lallai ba su da yawa."

"Ni ba wasa nake ba. Kun ɗauki abu mai daraja kun liƙa masa guntun daɓe."

"Kai dai je ka shinshina gawarwakinka, suruki. Tawa tana da rai."

Haka suke yi shekara da shekaru, a yi dariya a sha kofi. Na ɗauka wasa ne. Ashe ɗayansu ne kawai yake wasa.

Ƙurar da suka shaƙa a cikin jirage ta bi abokan Sixten ɗaya bayan ɗaya, har da Valter. A hunturun shekarar da zai cika saba'in ta iso kan Sixten. Likita bai yi mana kwana-kwana ba, ya ce huhun ya tafi, mu yi abin da za mu yi kafin ƙarshen bazara. Sixten ya ce shi abu ɗaya yake so: a yi bikin cikarsa saba'in yadda ake yi wa kowa, a buɗe ƙofa, duk wanda ya rage cikin tsofaffin ya zo, ya kaɗa musu.

A wannan hunturun ne zafin ɗaki ya sa kusurwar jakin Valter ta ɗan ɗaga, har farce yana shiga. Ranar da aka kwantar da Sixten don gwaje-gwaje, na ɗauki jitar na kai wa Folke. Wa zan kai wa? Ƙanena ne, kuma duk garin babu mai hannunsa.

"Kusurwar nan kawai za ka manne," na ce. "Kada ka taɓa komai."

"Bar mini, Yaya," in ji shi, yana shafa ta.

Sixten ya dawo gida ya tarar ba ta nan. Kullum sai ya tambaya. In na buga wa Folke waya sai ya ce gam ba ya son gaggawa. Mako ya bi mako, ganye ya fito a bishiyoyi, Sixten yana zaune a kicin babban yatsansa yana motsi a kan wandonsa. Lokaci, abin da mutumin nan ba shi da shi, shi Folke ya zauna a kai yana ƙyale-ƙyale.

Ranar biki gida ya cika. Na yi kek mai kirim, na gasa burodin kirfa, aka kafa ’yar tuta a tebur. Tsofaffin ma'aikata suka zo da sanduna da tari. Can sai ga Folke cikin kwat, rungume da akwatin, fuskarsa tana walƙiya. Ya buga cokali a jikin kofi aka yi shiru. Ya ce ya daɗe yana neman jaki na ainihi, na kamfanin da ya ƙera jitar, na shekarar da aka ƙera ta. Ya ce a bana ya same shi wurin wani dillali a Holan, an ciro shi tare da ƙashin wuya daga wata jitar da mota ta taka. Ya ce ya cire ƙazantar da aka liƙa, ya mayar da komai mazauninsa. Sannan ya buɗe akwatin.

"Asali ce yanzu," in ji shi. "Kamar ranar da ta bar Amurka."

Wasu da ba su gane ba har sun fara tafi.

Sixten ya karɓa ya ɗora ta a cinya yadda ya saba, wuyan yana kallon dama. Ya sauke babban yatsansa inda tsirkiya mai kauri take zama, sai siririyar ta yi ƙara. Ya danna da hannun dama ya sake bugawa, abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Komai ya koma kai ƙasa. Ya juya ta yadda sauran mutane suke riƙewa, ya ɗora guntun hannunsa a wuyan, ya dube shi, duk ɗakin ma shi suke kallo. Sai ya mayar da ita cikin akwatin a hankali.

"Ta yi kyau, suruki," in ji shi. "Ta wa ce?"

Na damƙi hannun kwat ɗin Folke na ja shi kicin na turo ƙofa.

"Kai wane irin dabba ne? Me na ce maka? Me na ce maka, Folke?"

"Yaya, saurara mana. Zan kawo masa sabuwa ta bahago, gobe-goben nan, mai kyau."

"Ya ce maka sabuwa yake so? Juya masa tsirkiyoyin yanzu, mutane suna jira!"

"Ba a yi haka ba. Karkatar jakin ba za ta yarda ba, sautin zai kauce. Kuma sai an yanka ƙashin wuyan, shi ma na asali ne, ba zan sa masa zarto ba."

"Ba za ka sa masa zarto ba!"

"Ke ba ki gane ba ne." Ya rage murya, amma ƙanena bai taɓa iya raɗa ba. "Don ke na yi. Kin ji abin da likita ya ce. Idan Sixten ya tafi, da fanshon tarago za ki riƙe gidan nan? Da guntun daɓen nan a jikinta ba mai sayenta da daraja. Yanzu kuwa ina da mutum a Stockholm da ko gobe aka ce..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga inda nake kallo. Ƙofar kicin ɗinmu ba ta taɓa rufuwa da kyau ba. Sixten yana tsaye a bakinta da butar kofi a hannu, yana numfashi sama-sama.

"Kofi ya ƙare, Gunvor," in ji shi. "Baƙi suna jira."

Ba a yi kiɗa a bikin ba. Tsofaffin suka ci kek suka zame ɗaya-ɗaya.

Washegari Folke ya aiko da sabuwar jitar bahago tana ƙamshin kanti. Sixten bai ko buɗe kwalin ba. Na yi ta buga waya ina cewa ya mayar da jakin Valter, shi kuma yana cewa in yi tunani, in bari zuciyata ta huce, wai hannunsa ba zai yarda ya lalata abu sau biyu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Sixten da kansa yana kare shi. "Ƙyale shi, Gunvor. Ke ya duba. Ai gaskiya ya faɗa, na kusa." Daga ranar bikin ya daina tambayar komai. Aka kawo masa tulun iska da ’yar roba a hanci. Ya koma kallon bango, irin kallon da na sani tun muna matasa, wanda na ɗauka Valter ya binne shi har abada.

Wata safiya na ga babban yatsan ma ya daina motsi a kan wando. Na sa takalmi, na ɗauki akwatin, na hau tarago.

Folke yana bayan kanta yana cin burodi da cuku. Na dire akwatin a gabansa.

"Ina jakin Valter?"

Na san yana nan. Dillalin jita ba ya zubar da komai, ko ƙusa mai tsatsa sai ya ajiye ta a gwangwani.

"Yana nan. Amma Yaya, ki tsaya ki ji. Duk cirewa da mannawa fuskar tana cin wuya. In na sake..."

Ban tsaya ji ba. Mabuɗin kabad ɗin gilas yana rataye bayan agogon bango tun ranar da ya buɗe shagon. Na ɗauko na buɗe, na ciro Gimbiya ta wuya kamar kaza, na kwantar da ita a kan kanta. Na zaro mabuɗin gidana na ɗora bakinsa a tsakiyar fuskarta.

Burodin ya faɗi daga hannunsa.

"Gunvor. Gunvor, don Allah. Hannunki da maiƙo. Ajiye ta mu yi magana."

"Au, ashe wanzami ba ya son jarfa? Ni ma gyara zan yi mata. Sunan mijina zan rubuta, don ta san an taɓa yin mutum a duniya."

"Ba ki da hankali! Wannan ta fi ni da ke shekaru, ba wanda ya taɓa..."

"Shi ma hannun Sixten ba wanda ya taɓa shi kafin ƙarfe ya sauka! Ka san shekarar da na yi ina ɓoye masa igiya da reza? Kana ina? Kana can kana shinshina ramin jita! Mutum yana da rai ka yi masa rabon gado, ka sa kwat ka zo ka karanta masa a gaban abokansa. Za ka mayar ko ba za ka mayar ba?"

"Ki ba ni lokaci in yi tunani."

Na danna mabuɗin na ja. Ba da yawa ba, tsawon farce. Ƙarar da ya yi, mai sayar da furanni ta maƙwabta sai da ta leƙo. Na ɗaga mabuɗin na sake ɗora shi kusa da wurin.

"Wannan farkon harafi ne. Sunan yana da tsawo."

"Zan yi! Wallahi zan yi, ɗaga hannunki!" Yana kuka shaɓe-shaɓe, irin kukan da ya kori Solveig. Ban ji tausayinsa ba, kuma har yau ban yi nadamar zanen nan ba. Da ya ɗan natsu ya ce aikin ba na yini ɗaya ba ne. Gam ɗin fata da yake dafawa sai ya samu kamar mako yana kamawa kafin a ja tsirkiya a kai, balle a laimar nan da ake ciki.

"Rufe shago," na ce. "Zo ka gaya masa mako da bakinka."

Tun ranar biki bai taka gidanmu ba. Ya shiga ya ga Sixten a kujerar kicin, rigar ta yi masa yawa, robar iska a hanci, leɓensa ya yi shuɗi. Sixten ya ɗaga masa yatsu biyun ya ce, "Suruki, ka zo auna ni ne don akwatin gawa?" Folke ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, bai faɗi maganar mako ba, ya juya ya tafi.

Washegari da rana aka ƙwanƙwasa. Shi ne, ba kwat, gam ya bushe a gaban rigarsa. Ya buɗe akwatin a kan teburin kicin. Baƙin jakin Valter yana zaune a wurinsa da duk muninsa, tsirkiyoyi a ɗaure, a juye.

"Gam bai gama kamawa ba," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Bai kamata in ja tsirkiya ba. Tun da nake ban taɓa yin haka ba. Zai iya ɓallewa kowane lokaci, in kuma ya ɓalle da naman fuskar zai tafi. Na gaya maka."

"To," in ji Sixten, "ni da jakin sai mu ga wanda zai riga tafiya."

Na ɗora masa ita a cinya. Yatsan ya sauka a kan tsirkiya mai kauri, ta amsa. Ya rufe ido.

Ya kaɗa tsofaffin kiɗan rawa na ma'aikatan jirgi, a hankali, yana tsayawa ya ja iska. Ba shi da numfashin waƙa, sai ni na rera da muryata ta mai kiran sunayen tasha. Taga a buɗe, tarago yana wucewa a ƙasa. Na buga wa biyu daga cikin tsofaffin waya suka hawo bene da ƙyar, aka ɗora kofi, aka ciro burodin kirfa. Folke ya ɗosana a bakin kujera. Ina lura da shi, ko sau ɗaya bai dubi fuskar Sixten ba. Idonsa yana kan jakin, duk bugu ɗaya sai kafaɗarsa ta motsa. Hali zanen dutse. Amma bai ce a sassauta tsirkiya ba, bai ce a huta ba, ya zauna yana kallon abin da ya fi tsoro a duniya yana matsowa.

Rana ta karkata, Sixten ya shiga kiɗan da ya yi zawarcina da shi. Yana tsakiya sai muka ji tau, kamar an harba bindiga a kicin. Jakin ya tashi da faffaɗan ɓallin katako, tsirkiyoyi suka watse, ɗaya ta kifar da kofin Folke. Fuskar jitar ta buɗe, ana hango cikinta.

Sai kafaɗun Sixten suka fara rawa. Dariya yake yi, har ta koma tari, na ruga na ƙara masa iska, yana ture ni yana ci gaba da dariya.

"Suruki," in ji shi da ya samu numfashi, "yanzu nawa mutumin Stockholm zai ba da?"

Folke ya dubi ramin. Na ce muku bai iya ƙarya ba.

"Ko kuɗin tarago ba zai bayar ba."

"Madalla," in ji Sixten, ya rungume ta. "Ta dawo tawa."

Sixten bai kai bikin da ake yi a tsakiyar bazara ba. Amma bai sake kallon bango ba, yana kwance da ita a gefen gado yana ba duk wanda ya zo labarin yadda kofin Folke ya tashi sama.

Fanshon tarago yana riƙe da ni, ban mutu ba. Gimbiya tana nan a kabad ɗinta, duk wanda ya tambaya ko an taɓa ta, Folke yakan sunkuyar da kai ya ce an taɓa. Jitar Sixten kuwa tana rataye a bangon kicin ɗina yadda ta tashi a ranar, rami a buɗe, jakin Valter yana lilo a jikin tsirkiya. Ban yafe wa Folke bikin nan ba, ban yafe masa makwannin da ya cinye mana ba, ba na kuma jin zan yafe. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk Lahadi yana zuwa, ina zuba masa kofi, ina ajiye masa kujerar da ke ba bangon baya. Duk da haka sai ya san yadda ya yi ya waiga.

Lahadin da ta wuce ya daɗe yana juya cokali, yatsunsa suna ƙaiƙayi, ina gani.

"Yaya," in ji shi, "ɓallin yana nan, bai ɓata ba. Zan iya mayar da shi ko layi ba za a gani ba. Da jakin Valter, na rantse. Ba zan canja komai ba."

Na tura masa farantin burodi.

"Sha kofinka, Folke. Ka taɓa ta, abin da zan yi wa hannunka, kai ma sai an juya maka jita."